Mai Goyon Ƙofa

An ɗauke wuta a Suwame da azahar.
Injin walda ya haɗiye harshensa,
muka fake a inuwar gawar wata bas
da aka ƙwaƙule wa idanu tun bara.
Mubarik ya zaro waya mai tsagaggiyar fuska,
ya ce, ku matso ku sha ciwon kai.

Jita ta shigo kamar zarto a wuyan ƙarfe,
ganga na dukan ƙirji ba sallama.
Ga wani dogon Bature, suma har kafaɗa,
yana ratsa fili da ƙofa goye a baya.
Ƙofa kawai. Ba bango, ba rufi.
Baƙin kare na binsa a nesa,
can baya wata kujera tana ci da wuta.

Ni ne mai guntun Turanci a garejin,
sai aka ce in zama tafinta.
Na kasa kunne cikin ƙarajin, na tsinto:
makulli na hannuna, gidan ya tashi.
Can gaba kuma, bayan an ja da baya sau uku:
na ƙwanƙwasa, ni ne a ciki.

Mubarik ya ce ƙwaya ce, ba wani zance,
haka suke rera wa idan kai ya juye.
Inna Fusena ta ajiye ludayin koko:
ku yara ba ku taɓa biyan haya ba!
Mai gida ya nemi kuɗin shekara biyu,
shi ko da guminsa ya sayi ƙofar,
zai bar wa wani ƙato? Ni ma na cire tawa a Abuabo.
Kwaku Ntim mai fenti ya girgiza kai,
ya ce murfin akwatin gawa ne wannan,
karen kuma ɗan aike ne daga can.
Ladan ya leƙo da buta, ya hangi wutar,
ya yi a'uziyya, amma bai tafi ba.

Oga Gariba bai ce uffan ba.
Ya goge baƙin mai a cinyar wando,
ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da hanci.
Tsayar nan. Dubi hinjin.
Wanda aka kora, sukundireba yake nema,
ya kwance a hankali, ya zuba kusoshi a aljihu.
Wannan fizgowa aka yi, ga tsagin katako.
Shi ya bugo ta da fushi,
ta biyo shi.

Muka yi tsit. Mawaƙin ya tsage maƙogwaro.
Oga ya ce, wannan ba faɗa ba ne,
kuka ne da ya rasa inda zai zauna.
Na bar Salaga ina ɗan sha tara,
tsohona yana kan kujera, bai ɗago ba.
Da na koma, kujerar na tarar.

Daidai nan Baturen ya dire ƙofar a kan yashi,
ya miƙa hannu ga mariƙinta,
sai wayar ta yi baƙi. Caji ya ƙare.
Ya buɗe? Bai buɗe ba?
Inna Fusena ta ce a saya wa yaron nan batir.

La'asar sakaliya wuta ta dawo.
Oga ya jawo lotsattsiyar ƙofar wata tasi,
ya ɗaga guduma: biyu a jere, ɗaya a ware,
irin bugun gangar nan sak.

Ban gaya wa kowa ba har yau:
rabin kalmomin ban ji su sosai ba,
inda ihu ya rufe, da nawa na cike.